LISSAFIN DA YA TONA ASIRIN SAURO

Jawabin da aka karanta wa ɗaliban azuzuwan manya, maza da mata, gab da faɗuwar damina



Damina ta kusa. Manomi ya yi sharar gona, ya kai taki, yana ta duban gabas. Sauro ma ruwan nan yake jira. Da zarar kududdufai sun cika, zazzaɓi zai shiga gida-gida. Zai kwantar da magidanci a daidai lokacin da ciyawa ke neman cinye masa gero. Zai kama yara ƙanana, wasu har da jijjiga, wasu kuma ba za su ga kaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutane wajen 597,000 ne zazzaɓin cizon sauro ya kashe, mafi yawansu yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara 5. Cikin kowane mutum 4 da suka kamu da ciwon a duniya a wannan shekara, kimanin 1 a Nijeriya yake.

Akwai wata magana da ake yawan ji a dandali. Akan ce, "Sauro ai ba ya ƙarewa. In an kashe goma, ɗari za su zo. To wahalar me za a yi?" Maganar tana da kamar gaskiya. An daɗe ana faɗarta, har manyan likitocin Turai sun faɗe ta. Amsarta kuwa daga lissafi ta fito.

Binciken abubuwa masu rai, wato mutum da dabba da ƙwaro da tsiro, shi ake kira ilimin halittu. Lissafi kuwa kowa ya san shi a kasuwa. Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Amma a duba gida. Uwargida ta san kaza tana kwana 21 a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe. Mai akuya ya san wata 5 take yi da ciki. Makiyayi yana ƙirga shanunsa da yamma, ya san nawa suka haihu bana, nawa suka mutu, daga nan ya gane ko garken gaba yake yi ko baya. Duk wannan lissafi ne a kan masu rai. Masana sun bi wannan hanya ce, suka zurfafa ta.

LIKITAN DA YA ƘIRGA SAURO

Da can ba a san sauro ke kawo wannan zazzaɓi ba. Turawa sun ɗauka mugun iskan fadama ne. Sunan maleriya ma daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa mugun iska. A ƙasar Hausa kuma wasu kan ɗora laifin a kan ɗanyar masara, ko sabon hatsi, ko dukan ruwan sama. Ba abin mamaki ba ne. Duk waɗannan da damina suke zuwa, lokaci ɗaya da sauro, sai aka kama wanda ido ya fi gani.

A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran, yana aiki a ƙasar Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majiyyaci da madubin likita. Amma ta ina take shiga jiki? Wani likita Bature ɗan Ingila, Ronald Ross, wanda ke aiki a Indiya, ya shafe shekaru yana feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya. Ran 20 ga Agusta 1897, a garin Sikandarabad, ya ga ƙwayar cutar a jikin tumbin wani sauro da ya sha jinin mai zazzaɓi. A 1898 ya bi sawun irin wannan ƙwaya a jikin tsuntsaye, ya ga yadda take tashi daga tumbin sauro ta koma wurin da yawunsa ke taruwa. A shekarar nan kuma masanan Italiya suka tabbatar cewa wani jinsin sauro ne kaɗai, mai suna anofilis, ke ɗaukar cutar daga mutum zuwa mutum. A 1902 aka ba Ross babbar kyautar nan ta Nobel.

Ga abin da aka gano. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini ƙwanta ya nuna. Takan saka ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, a kan ruwa. Anofilis ɗin da ya fi damun ƙasar Hausa ya fi son ƙaramin ruwa da rana ke duka, irin na ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ko sawun kofaton shanu a bakin tafki. Idan ana zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 10 ba, wani lokaci ya ɗan ɗara. Ana gane shi in ya sauka a bango, don yakan sunkuyar da kai ya ɗaga bayansa sama.

Da Ross ya ga haka, sai ya ce magani a fili yake: a rage sauro. A 1899 ya je ƙasar Saliyo, ya zaga yana nuna ramukan da tsutsotsin sauro suke, ya ba da shawara a cike su ko a zuba musu mai. Mutane da yawa ba su yarda ba. Suka kawo maganar nan ta dandali, cewa ba mai iya kashe duk sauron ƙasa, kuma in dai ɗaya ya rage cutar tana nan.

To, Ross mutum ne mai son lissafi tun yana saurayi. Sai ya ɗauki alƙalami. A rahoton da ya rubuta a 1908 bayan ya ziyarci tsibirin Morishas, da kuma littafinsa da aka sake bugawa a 1911, ya nuna cewa ba dole sai an kashe duk sauro ba. Akwai wata iyaka. In yawan sauro ya sauka ƙasa da ita, cutar za ta yi ta raguwa da kanta har ta mutu, ko da akwai sauran sauro a gari.

Manomi zai fi kowa saurin gane wannan. A ce mutum ya shuka tiya 1 ta iri, ya girbe tiya 2. Baɗi ya shuka 2 ya sami 4. Sai 8, sai 16, sai 32. In ya yi haka sau 10 a jere, zai wayi gari da tiya 1,024. Amma a ce ƙasar ta gaji, ya shuka tiya 100 ya girbe 50. Ya shuka 50 ya sami 25. Sai 12, sai 6, sai 3, sai 1. Ba wanda ya sace masa iri, ba gobarar da ta ci rumbunsa, amma irin ya ƙare.

Haka cuta take. Mai zazzaɓi shi ne iri, sauro shi ne mai shuka. In kowane majiyyaci 1 yana jawo wa mutum fiye da 1 kamuwa, cuta za ta bazu. In kuwa majiyyata 100 ba sa iya jawo wa wasu 100 kamuwa, cuta ta kama hanyar mutuwa. Duk faɗan a kan lambar nan ta 1 ake yinsa. Ba wanda ya taɓa ganin wannan iyaka da ido, ko da madubin likita. A kan takarda aka fara ganinta.

TSOHON SAURO SHI NE MUGU

Ross ya rasu a 1932. Bayan shekara 20, wani masani a Landan mai suna George Macdonald ya ɗauki lissafin ya ƙara masa wani abu. Wannan ɓangare yana son a natsu.

Sauron da ya sha jinin mai zazzaɓi yau, ba ya iya sa wa kowa cutar gobe. Sai ƙwayar ta girma a cikinsa ta kai ga yawunsa, kuma wannan yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14, gwargwadon zafin gari. Shi kuwa sauro ba mai tsawon rai ba ne. Gizo-gizo na cinsa, tsaka na cinsa, iska da zafi na kashe shi, ga tafin hannun wanda ya ciza. Mafi yawansu suna mutuwa kafin ƙwayar ta nuna.

A ɗauki misali. A ce sauro 1,000 sun sha jinin masu zazzaɓi a dare ɗaya, kuma ƙwayar tana bukatar kwana 12. A ce kowace rana 1 cikin 10 yana mutuwa. Bayan kwana 1 saura 900. Bayan kwana 2 saura 810. Bayan kwana 3 saura 729. In aka bi shi haka har kwana 12, za a tarar saura 282. Waɗannan su ne masu ɗauke da dafi.

Yanzu a ce an yi wata dabara, kowace rana 2 cikin 10 ke mutuwa. Bayan kwana 1 saura 800. Sai 640. Sai 512. Ranar 12 saura 69 kacal. In kuwa 3 cikin 10 ke mutuwa kullum, 14 ne za su kai ranar. Mai takarda da fensir ya gwada a gida, zai ga haka ne.

A lura da kyau. Ƙarin mutuwar sauro 1 cikin 10 a rana ya sauko da masu dafi daga 282 zuwa 69, wato kashi 1 cikin 4 ne ya rage. Ga wanda ke kwance a ɗaki, kukan sauro bai ragu sosai ba, domin ƙanana suna ta fitowa daga kududdufi. Amma tsofaffin sun yi ƙaranci, su ne kuwa masu kisa. Macdonald ya nuna cewa gajarta ran babban sauro ya fi rage yawan tsutsotsi tasiri nesa ba kusa ba.

Wannan lissafi ya ƙarfafa wa hukumomi gwiwa. Sauro in ya ƙoshi da jini yakan yi nauyi, ya nemi bango ya huta. In an fesa wa bangon magani, duk saukar da ya yi yana iya zama ajalinsa. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da maleriya, ana feshin ɗakuna da maganin DDT. A ƙasashe da dama, irin su Italiya, cutar ta ƙare, ga shi kuwa har yau akwai sauro a can. Maganar Ross ta tabbata.

A ƙasar Hausa kuwa abin ya zo da gardama. An fara gwajin feshi a yankin Birnin Kebbi a 1954. Ba a daɗe ba aka tarar sauron ya daina jin ɗaya daga cikin magungunan da ake fesawa. 'Yan kaɗan ɗin da maganin bai kashe ba su suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji taurin ransu, suka cika wuri.

ABIN DA AKA KOYA A GARKI

Don a san gaskiyar al'amari, Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shirya wani babban bincike a ƙasar Garki, daga 1969 zuwa 1976. Garkin da ake nufi ita ce wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, tun 1991 kuwa take cikin Jihar Jigawa. Duk inda ake karatun maleriya a duniya an san sunan wannan gari.

Aikin na ƙidaya ne tun daga farko har ƙarshe. An rubuta mutanen ƙauyukan da aka zaɓa, ana lura da wanda aka haifa, da wanda ya rasu, da wanda ya tafi cirani. Duk mako 10 ana ɗiban ɗigon jini a yatsa a duba. Da dare ma'aikata kan zauna su kama duk sauron da ya sauka a jikin mutum, su ƙirga. Da safe a shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki, a yi feshi, a tsince sauron da ya faɗo. Sai a feɗe su a ga nawa ke ɗauke da ƙwayar cuta. A tsakiyar damina, a wasu ƙauyuka, an tarar mutum ɗaya yana iya shan cizo fiye da 100 a dare guda.

An fara da ƙidaya zalla, ba a taɓa kome ba, don a san yadda abin yake tun asali. Wannan hikima ce, domin wanda bai auna hatsinsa kafin ya zuba a rumbu ba, ba zai san abin da gara ta ci ba. Sannan a daminar 1972 da ta 1973 aka yi feshin ɗakuna da wani magani mai ƙarfi. A wasu ƙauyuka aka haɗa da raba wa jama'a ƙwayoyin magani. Wasu ƙauyuka kuma aka bar su yadda suke don a kwatanta.

Sakamakon ya ba mutane mamaki. Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kimanin kashi 90 cikin 100. Amma yawan masu ƙwayar cutar a jini bai ragu ba sai da kimanin kashi 25 cikin 100. Inda aka haɗa da magani, masu cutar sun ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Duk da haka cutar ba ta yanke ba. Da aka daina aikin, ta dawo.

Me ya faru? Ko lissafin Ross ƙarya ne? A'a. Lissafin ne ma ya bayyana dalili. A koma kan misalin iri. A ce a wata ƙasa mai sanyi majiyyaci 1 yana jawo wa mutum 5 kamuwa. In aka rage kashi 90 cikin 100, majiyyata 2 ne za su haɗu su jawo wa mutum 1, an faɗa ƙasa da iyaka ke nan, cuta ta mutu. Amma a ce a wani ƙauye mai yawan sauro majiyyaci 1 yana iya jawo wa mutum 40. A rage kashi 90 cikin 100, saura 4. Har yanzu 4 ta fi 1. An yi aiki mai yawa, amma ba a kai iyaka ba. Waɗannan lambobi misali ne kawai, amma haka abin ya kasance a Garki.

Akwai kuma wani abu da ƙidayar ta tona. Da farko an ɗauka duk sauro halinsu ɗaya. Ashe wasu in sun yi cizo ba sa kwana a bangon ɗaki, waje suke fita su huta a ciyawa da inuwar rumbu. Waɗannan ba ruwansu da feshi, suna tsufa lafiya lau. A nan masu duban halittu ne suka gyara wa masu lissafi kuskure. Aikin kowane ɗaya ba ya cika sai da na ɗan'uwansa. A 1974 wani masanin lissafi mai suna Klaus Dietz da abokan aikinsa suka fitar da sabon tsarin lissafin maleriya da aka gwada da ƙidayar Garki. A 1980 aka buga littafin binciken gaba ɗaya. Masana sun ci gaba da komawa ga lambobin nan shekaru da yawa bayan haka, suna gwada sababbin lissafinsu a kwamfuta.

TO, ME YA RAGE WA MAI GIDA?

Darasin Garki bai ce a naɗe hannu ba. Cewa ya yi sanda ɗaya ba ta isa, sai an haɗa. Kuma lissafi ya nuna cewa dabarun ninka juna suke yi. A misalin nan, feshi ya sauko da 40 zuwa 4. In gidan sauro ya raba wannan biyu, saura 2. In saurin kai majiyyaci asibiti ya sake raba shi biyu, an zo kan 1. Dabarar da ta yi kamar ba ta da amfani ita kaɗai, ita ce ke ƙarasa aikin in ta samu 'yan'uwa.

Gidan sauro mai magani yana aiki biyu. Yana tare cizo, kuma yana kashe sauron da ya sauka a kansa, wato yana hana shi tsufa. Saboda haka wanda ya kwana a ciki yana kare maƙwabcinsa ma. In gida 3 ne kawai a unguwa ke ɗaurawa, sauro zai tsufa a sauran gidajen. Masanan Jami'ar Oksfod sun ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓi wajen miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara daga gidan sauro ta zo. Abin takaici ne a ga wannan kaya an kewaye lambu da shi, ko an rufe 'yan tsaki.

Shan magani ma akwai lissafi a ciki. Ƙwayar cutar tana shiga ƙwayoyin jini, ta hayayyafa, ta fasa su duk kwana 2, kuma a kowane zagaye tana iya ninkuwa kamar sau 10. A ce yaro yana da ƙwaya miliyan 1,000 a jikinsa. An ba shi magani na rana ɗaya, ya kashe 99 cikin 100. Jiki ya yi sanyi, yaro ya tashi yana wasa, uwa ta ɓoye sauran maganin don wata rana. Amma saura ƙwaya miliyan 10 a jikinsa. In suka samu sarari, zagaye 1 zai mai da su miliyan 100, zagaye na 2 ya mai da su miliyan 1,000. An koma gidan jiya. Shi ya sa maganin zazzaɓi da ake bayarwa a asibiti na kwana 3 ne, kuma ma'aikacin lafiya ke nanata a shanye shi duka.

Haka kuma ƙidaya ce ta nuna cewa a ƙasashen Sahel, har da arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, mafi yawan zazzaɓin yara a cikin wata 4 na damina da farkon kaka yake taruwa. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi sau ɗaya a wata a wannan lokaci, ko da lafiyarsu ƙalau. Masu rabo kan ba da na ranar farko da hannunsu, su bar wa uwa na rana ta 2 da ta 3. Ƙarfin maganin kimanin mako 4 yake yi a jiki, shi ya sa suke dawowa bayan kwana 28. Yaron da aka tsallake masa wata ɗaya, ya zauna wata ɗaya babu kariya a tsakiyar sauro.

Duk waɗannan lambobi daga ƙauye suke farawa. Malamin asibiti da ke tambayar shekarun yaro da sunan unguwarsu, yana rubutawa a babban littafi, ƙidaya yake yi irin ta Garki. Ana tara ta daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, daga jiha zuwa tarayya, a ga inda ciwon ya fi yawa da watan da yake tashi.

Jama'a, a nan jawabin ya tsaya. Allah ya ba da damina mai albarka.